"Ba na so ya gaji wannan kaskon": burin iyaye da makomar ƴaƴanmu a Adjamé da Treichville

Kusan kullum da safe, kafin in shiga lakwal, nakan tsaya wurin wani mai garba a Adjamé, ba nisa da titin Nangui Abrogoua. Mutumin ƙasar Adar ne, ya ba shekara hamsin baya, hannuwansa duk tabon mai. Tun kafin kiran assalatu yake tashi, ya wanke kifi, ya yayyanka barkono da albasa, ya ɗora kasko. Ɗansa yana ajina na CM2 a shekarar da nake ba da labari, kuma a lissafi babu wanda ke kama ƙafarsa.

Ba ya taɓa ce mini "ɗana". Kullum sai dai ya ce, "Mushe, yaya yaronka?" Ni kuma in ce, "Baba, yarona yana ƙoƙari." Wata safiya yana zuba mini aceke, sai ya nuna kaskon da cokalin da ke hannunsa, ya ce, "Ka ga wannan? Shi ya ciyar da mu, shi ya gina wa tsohuwata ɗaki a gida, ban raina shi ba. Amma wallahi ba na so ya gaje shi. So nake ya zama likita, in ya shigo wuri a tashi tsaye."

Mako biyu bayan wannan magana direkta ya ce mu fara haɗa takardun jarrabawar CEPE. Na bi sunayen ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. Da na iso kan yaron nan sai na tarar ba shi da takardar haihuwa, wadda muke kira ekstire. Tun yana CP1 aka karɓe shi da alƙawarin za a kawo, shekara biyar ta wuce ba a kawo ba. Na koma wurin uban da yamma. Ya yi shiru, ya daɗe yana juya kifi, sannan ya ce, "Lokacin da aka haife shi mun ɗauka baɗi za mu koma gida. Na ce in mun je can sai a yi masa."

Yaron yana da shekara goma sha biyu a lokacin. Sau ɗaya tak ya taɓa taka ƙasar Nijar.

Abin da iyaye ke so

Duk wanda ya ce Bahaushen Abijan bai damu da karatun ɗansa ba, to bai zauna da su ba. A taron iyayen yara, da bakin masallaci bayan la'asar, da wurin suna, na sha jin burinsu. Mai kofi da shayi, wanda mutanen garin ke kira "aboki", yana so ɗansa ya zama ma'aikacin kwastan. Mai sayar da katako yana so nasa ya san gini da zane, kada wani ɗan kwangila ya riƙa cutarsa da takarda. Mai albasa yana so a samu wanda zai riƙe masa lissafi a kwamfuta. Kusan dukansu kuma, kafin su ambaci kowane aiki, sai sun fara da cewa, "Ya sauke Alƙur'ani, ya san addininsa, ya yi mini addu'a bayan raina."

Mata ma haka. Akwai wata baiwar Allah a Treichville da ke dama fura tana sayarwa kusa da babban asibitin CHU. Kullum tana ganin ƴan matan makarantar INFAS, inda ake horar da ma'aikatan jinya da ungozomomi, suna wucewa da fararen riguna. Ɗiyarta tana aji na huɗu a kwaleji, shekarar BEPC ke nan. Ta ce mini, "Ɗana, ni da na je haihuwarta ban ji abin da ake faɗa mini ba, ita ma ungozomar ba ta ji nawa ba. Da hannu muka yi magana. In wannan yarinya ta sa farar rigar nan, ko mace ɗaya ta fassara wa ciwonta da Hausa, na ci riba."

Na tambaye ta maganar aure, don na san dangi sun fara zuwa. Ta ce, "Suna zuwa. Na ce musu tukunya tana kan wuta, ba a sauke ta ɗanya."

Buri dai akwai shi, babba kuwa. Abin da na lura da shi cikin shekarun da na yi ina riƙe alli shi ne, yawancin burin nan ba talauci ke fara kashe shi ba. Jira ke kashe shi: jiran ranar komawa gida.

Baƙo raɓa

Zuwan Hausawa wannan ƙasa ba yau ba ne. Tun zamanin fataucin goro ayarinmu ke isa Bonduku, har yau kuma goron Anyama yana tafiya arewa. Da aka haƙa mashigin ruwa na Vridi a 1950, aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1951, Abijan ta zama inda kowa ke nufa. Hanyar jirgin ƙasan da ke tashi daga Treichville ma sunanta na farko Abijan-Nijar, ko da yake ba ta taɓa isa Nijar ɗin ba. Farin shekarun 1973 da 1984 ya ƙara turo samari daga Tawa da Maraɗi da Damagaram. Wasu suka sauka Treichville kusa da tasha, wasu Adjamé kusa da kasuwa da tashar mota, wasu Port-Bouët wajen kara da mahauta. Har abincin da ya fi kowane farin jini a garin nan, garba, mutanenmu ne suka yi fice da sayar da shi.

Amma duk wanda ya zo, da niyyar cin rani ya zo. Iyayenmu sukan ce baƙo raɓa ne, rana na fitowa ya tafi. Saboda haka ɗaki ɗaya a gidan haya ya isa, kuɗi kuma a aika gida a sayi gona da shanu. Wannan tunani ya yi amfani, ya rufa wa garuruwa da yawa asiri a shekarun yunwa. Sai dai raɓar ta kwana, ta yi shekara, ta yi aure, ta haihu. Yau a Adjamé akwai jikokin waɗanda suka zo cin rani. Faransanci suke yi a lakwal, Julanci a kasuwa, nushi a tsakaninsu, Hausa kuma sai in tsohuwa ta kira su. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen ƙasar sun haura miliyan 29, kuma kusan kashi 22 cikin ɗari ba su da takardar zama ƴan ƙasa ta Kodebuwa. Da yawa daga cikin waɗannan a nan aka yanke musu cibiya.

Uba yana lissafin komawa, ɗa kuwa bai san wani gida ba sai wannan. A tsakanin nan ne takardu ke faɗuwa.

Takarda ta farko

Doka ta ba da wata uku daga ranar haihuwa a je ma'aikatar magajin gari a rubuta jariri. Ba a tambayar ko ubansa ɗan wace ƙasa ne kafin a rubuta shi. Duk wanda aka haifa a nan yana da haƙƙin a rubuta haihuwarsa. Takardar asibitin haihuwa da katin iyaye ne ake kaiwa, sai kuɗin tambur in za a ciro kwafi. In wata uku ya wuce, magana ta koma kotu, sai an nemi hukuncin da muke kira jujuma, da shaidu, da zirga-zirga, da kuɗin mota, da ranakun da ba a buɗe rumfa ba. A 2018 gwamnati ta yi doka ta musamman don sauƙaƙa wa waɗanda ba a rubuta ba, amma sauƙin ba ya zuwa ya tarar da mutum a ɗaki.

Mu kuwa me muke yi? Ranar bakwai mu yanka rago, mu raba goro, mu tara maroƙa, liman ya raɗa suna. Duk unguwa ta shaida an haifi yaro, ban da hukuma. Kuɗin goron sunan kaɗai ya fi abin da takardar za ta ci.

Tun 2015 karatu ya zama dole a ƙasar nan ga kowane yaro, namiji da mace, daga shekara 6 zuwa 16. Dokar ta tanadi tarar sefa 50,000 zuwa 500,000, wato jika 50 zuwa jika 500, ko ɗaurin wata biyu zuwa shida, ga uban da ya ƙi. Saboda kada a bar yara a titi, makarantu sukan karɓi yaro ko babu ekstire. Wannan sassauci alheri ne, amma yana sa iyaye barci. Sai an zo CM2 maganar ta tashi, kowa ya rikice. Na ga yaran da suka maimaita aji ba don sun kasa ba. Na ga wanda aka ba shi takardar ƙanensa ko ta ɗan maƙwabci ya shiga jarrabawa da ita. Ya ci, amma da sunan wani, kuma wannan sunan zai bi shi har BEPC, har BAC, har ranar aurensa. Wanda aka ari takardarsa kuma in nasa lokacin ya zo, ya zama ba shi da suna.

Takarda ta biyu

Ko an samu ekstire, akwai wata ƙofar a gaba wadda iyaye da yawa ba su san da ita ba sai sun yi karo da ita. Takardar haihuwa ba ita ce takardar zama ɗan ƙasa ba. Dokar 1961 ta bar ƙofa ga ƴaƴan baƙi da aka haifa a nan, amma gyaran 1972 ya rufe ta. Tun daga lokacin jini ake bi: in uwa ko uba ɗan Kodebuwa ne, ɗa ma haka, in dukansu baƙi ne, haihuwa a Treichville ba ta mayar da shi ɗan ƙasa. A 2013 an yi dokar da ta ba wasu tsofaffin mazauna da zuriyarsu damar samun takardar ta hanyar bayyana kai, amma na ɗan lokaci ne, kuma da yawa daga mutanenmu ba su ji labari ba sai da wa'adin ya ƙare.

Wannan ya shafi buri kai tsaye. Yaro zai iya yin firamare da kwaleji da lise, ya ci BAC, ko ɗan wace ƙasa ne. Amma jarrabawar shiga aikin gwamnati, konkur, ko ta malanta ce, ko ta kwastan, ko ta ƴan sanda, sai da takardar zama ɗan ƙasa a cikin dosiye. Ni kaina na tsaya a wannan ƙofa. Mahaifina Bahaushe ne daga Nijar, mahaifiyata Bajula ce ƴar ƙasar nan. Da na zo neman shiga makarantar horon malamai ta CAFOP, takardun mahaifiyata ne suka buɗe mini. Abokina da muka taso gida ɗaya, muka ci tuwo kwano ɗaya, wanda ya fi ni maki a BEPC, bai samu wannan ba. Yau yana gyaran waya a Adjamé. Yana samun abin rufin asiri, har ya fi ni a wasu watanni, amma duk ranar da muka haɗu sai ya tambaye ni, "Mushe, yaya alli?" da wata irin dariya da na san ma'anarta.

Ba ina cewa ɗan baƙo ba shi da makoma ba ne. Kamfanoni masu zaman kansu, asibitocin kuɗi, makarantun kuɗi, sana'ar hannu, kasuwanci, duk a buɗe suke. Doka kuma ta tanadi hanyar neman zama ɗan ƙasa ga wanda ya daɗe a nan, ko da yake doguwa ce, tana son haƙuri da cikakkun takardu. Wanda kuma ya zaɓi ya riƙe ƙasar iyayensa, to ya rubuta ƴaƴansa a ofishin jakadancinsu, su samu takardun can, don in sun yi karatu su iya shiga konkur a Yamai ko su nemi aiki a Kano. Gida biyu maganin gobara. Abin tsoro shi ne yaron da bai da ta nan, bai da ta can. A nan Abijan ne ƙasashen CEDEAO suka sa hannu a Fabrairun 2015 kan alƙawarin kawo ƙarshen zaman mutum ba shi da ƙasa, kuma irin yaran da ake nufi suna zaune a bencin ajina. Yanzu da Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, ko da yake har yau ana shiga ana fita, mai hankali ba zai bar takardun iyalinsa a warwatse ba.

Allo da kaye

Wani abin da ke raba hankalin iyaye shi ne tsoron kada lakwal ta raba yaro da addini. Tsoron nan ba na banza ba ne. Uba yana ganin ƴaƴan maƙwabta sun bar salla, sun shiga ƙwaya, suna kwana a tasha. Sai ya ce maganin abin a mayar da yaro ƙauye wurin kakansa ko wurin malam, ya yi shekara uku ko huɗu. Na ga yaran da aka cire daga CE2 aka tura. Wasu sun dawo da izu mai yawa da ladabi, Allah ya saka wa malamansu. Amma sun dawo suna da shekara goma sha biyar, Faransancin ya gudu, sun yi girma da komawa aji. Sai tura amalanke ko yaron mota a gbaka.

Yau ba dole ba ne a zaɓi ɗaya a bar ɗaya. Akwai makarantun Musulunci da gwamnati ta amince da su, waɗanda ke koyar da darussan hukuma tare da Larabci da Alƙur'ani, ɗalibansu kuma suna shiga CEPE da BEPC kamar kowa. A 2019 gwamnati ta ɗauki tsari na ƙasa don shigar da yaran makarantun allo cikin karatun hukuma, kuma shugabannin addini, har da majalisar limamai ta COSIM, sun daɗe suna kira a kan haka. Abin da uba zai tambaya kafin ya biya kuɗi shi ne: makarantar nan hukuma ta san da ita? Yaranta suna zana jarrabawar ƙasa? Wanda ɗansa ke lakwal ta gwamnati kuma yana da yammacin Laraba, da Asabar, da Lahadi, da bayan magariba, da dogon hutu. Ni a haka na sauke, a zauren wani malami a Treichville, da allo a hannun dama, jakar kaye a kafaɗa.

Titi yana ƙuntata

Da can uba yakan ce, "In karatu ya ƙi, ga tebur." Wannan magana ta fara rasa ƙarfi. A 2024 hukumar gundumar Abijan ta hana talla a manyan tituna, ta hana bara da tura amalanke, an kuma rushe unguwanni da rumfuna da dama, har a Adjamé. Kowa a cikinmu ya san wanda ya wayi gari babu inda zai kafa teburinsa. Garin yana canzawa, gadoji da manyan hanyoyi suna cin wuraren da iyayenmu suka yi shekara talatin suna neman abinci. Ɗan da zai yi kasuwanci gobe ma sai ya iya karanta takardar haya, ya san haraji, ya iya karɓar kuɗi ta waya. Ko garbar ce zai gada, to ya gaje ta da shago da rajista, ba a bakin kwalbati ba.

A tambayi yaron

Akwai kuma abin da mu iyaye ba mu cika yi ba: tambayar yaron shi me yake so. Wata rana na ba ƴan ajina aikin rubuta abin da suke fatan zama. Ɗan mai garba bai rubuta likita ba. Ya rubuta yana so ya zama mai gina gada, saboda duk ranar da suka hau gadar De Gaulle zuwa Treichville yakan yi ta mamakin yadda ƙafafunta ke tsaye a cikin ruwa. Na kai wa uban takardar, na fassara masa. Ya ce, "Gada? Magini ke nan?" Na ce, "Baba, injiniya. Akwai babbar makarantarsu a Yamusukuro." Ya yi murmushi ya ce, "To, in dai zai sa hular nan fara, ba laifi."

Maganar ekstire ta ɗauke mu wata huɗu. Sau uku uban yana rufe rumfa ya tafi kotu, ya nemo shaidu biyu daga gidan da aka haifi yaron, ɗaya ma sai da aka bi ta har Abobo. Allah ya taimaka tsohuwar takardar asibiti tana nan a ƙasan akwatin uwar, naɗe cikin zanen goyo. Yaron ya shiga jarrabawa da sunan da aka raɗa masa, ya ci, yanzu yana kwaleji. Maganar takarda ta biyu tana nan tana jiransu, amma wannan karon uban ya san da ita tun da sauran lokaci, ya kuma fara tambaya. Ƙannen yaron biyu duk an yi musu tasu.

Roƙona ga limamanmu da sarakunan Hausawa na unguwanni ƙarami ne. Ranar suna, bayan an shafa fatiha, a tambayi uban jariri a gaban jama'a: "An rubuta shi?" In ya ce a'a, a haɗa shi da wani saurayi mai jin Faransanci ya raka shi a cikin makon. Ƙungiyoyinmu da ke tara kuɗin kai gawa gida su ware wani abu don jujuman yara. Matan da ke adashi su riƙa tambayar juna. Iyaye kuma su zo lakwal ko ba a kira su ba. Rashin Faransanci ba abin kunya ba ne, a Adjamé ba za a rasa mai fassara ba.

Ni ma uba ne. Ɗiyata ta fari za ta shiga CP1 a watan Satumba. Ranar da aka haife ta, kafin in je Port-Bouët neman rago, sai da na biya ma'aikatar magajin gari. Kakarta ta yi mini tsiya, ta ce ɗan boko ya fara da takarda kafin goro. Burina a kanta bai wuce na mai garba da mai fura ba: ta san Ubangijinta, ta iya Hausar da za ta gaisa da dangin kakanta a Nijar, ta riƙe sana'ar da ba wanda zai tashe ta daga kanta. Abin da za ta zama kuwa, in ta iya rubutu zan ba ta takarda ta faɗa mini da kanta.

Allah ya raya mana su, ya sa su fi mu.